Filin Tambayoyinku: "Ni ake gani, shi ke buga kiɗan, in na ware na ci amana?"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato mutum biyu sun fara waƙa tare, tafiya ta yi tafiya sai ɗaya ya ji yana so ya tsaya da ƙafarsa. Na ɗebo guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba, don Zariya ɗin nan ana ambaton suna da unguwa an gane mutum.

TAMBAYA, daga Samaru

Salam Yaya da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne, ni da abokina muka fara waƙa tun muna sakandare, ni nake rubutawa in rera shi kuma yake buga kiɗan a laftof ɗinshi da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, a ɗakinshi na Hayin Dogo muke ɗauka, kuma suna ɗaya muka sa ma kanmu mu biyu. To yanzu Alhamdulillah an fara kirana biki da dina har Kaduna na je, kuma ni kowa ya sani, shi ko hoto baya so a ɗauke shi, amma duk abin da aka samu rabi da rabi muke yi. Abokaina suna ta ce min wai wahala nake ma wani, in ware kawai in riƙe sunan tunda ni ake kira da shi, kiɗa kuma ko ina zan samu. Wani ma ya ce in duba wata baturiya La Roux, wai ita ma su biyu ne ta sallami mai kiɗan ta ci gaba da sunan kuma ba abin da ya same ta. Yaya gaskiya ne? Kuma in na yi haka na ci amana?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya ba ka labarin La Roux rabi ya ba ka, bari in cika maka sauran sai ka auna da kanka.

La Roux da farko mutum biyu ne 'yan Ingila, Elly Jackson mai waƙa da Ben Langmaid mai haɗa kiɗa, sun haɗu a 2006 lokacin ita ko shekara ashirin ba ta kai ba, shi kuma ya girme ta sosai ya daɗe a harkar situdiyo. Kuma abin da zai ba ka mamaki, halin abokin nan naka shi ne halin Langmaid, ba ya fitowa a bidiyo, ba ya hawa dandali, har mutane da yawa suka ɗauka La Roux sunan yarinyar ne kawai. A 2009 suka fashe, waƙarsu In for the Kill ta kai ta 2 a jerin waƙoƙin Ingila, Bulletproof ta kai ta 1, a Amurka ma ta shiga cikin goman farko a 2010, sannan a 2011 albam ɗinsu na farko ya ci kyautar Grammy a ɓangaren kiɗan lantarki da na rawa. Duk wannan fa su biyu suka yi shi.

Ana cikin aikin albam na biyu aka samu saɓani a kan inda sautin zai dosa, Langmaid ya bar tafiyar wajen 2012, duniya ba ta ma ji ba sai 2014, kuma kowannensu da nasa bayanin a kan abin da ya faru, to ka ga maganar "ta sallame shi" ba haka take kai tsaye ba. Shi kuma "ba abin da ya same ta" ɗin nan shi ne ya fi damuna. Shekara 5 cur tsakanin albam na farko da na biyu, 2009 zuwa 2014, kuma a tsakiyar wannan lokacin ita da bakinta ta faɗa a hirarraki cewa fargaba da gajiyar yawon wasa sun taru sun riƙe mata murya, ta daɗe ba ta iya kai sautin sama da aka san ta da shi. Da albam na biyun, Trouble in Paradise, ya fito a 2014 masu sharhi sun yaba ƙwarai, ni ma a kunnena ya fi na farko daɗi da nutsuwa, amma a kasuwa bai kama ƙafar na farko ba. Kuma ba ita kaɗai ta yi shi ba, sai da ta samu wani mai haɗa sauti Ian Sherwin suka yi tare, sannan sunan Langmaid yana nan a kan wasu daga cikin waƙoƙin a matsayin wanda aka rubuta da shi, ba a goge shi ba. Daga nan ta rabu da kamfanin Polydor, sai 2020 ta sake fitar da albam na uku, Supervision, a ƙarƙashin kamfaninta na kanta Supercolour. Albam uku a shekara 11. Ta tsaya da ƙafarta, ba wanda zai musa, kuma ina girmama ta a kan haka, amma ta biya kuɗin tsayuwar.

Ga kuma abin da abokanka ba za su faɗa maka ba, ita Elly Jackson tun tana ƙarama take kaɗa jita, tana taɓa fiyano, tana zama a kan na'ura a haɗa sauti da ita. Ranar da abokin aikinta ya tafi ba murya kaɗai ta rage mata ba. Kai fa ƙanena? In aka ajiye maka laftof ɗin nan yau aka buɗe maka FL Studio za ka iya ɗora ganga da bes ka daidaita su da muryarka? In amsar a'a ce to ka san rabin abin da mutane ke tafa maka a wurin biki a hannun wani yake.

"Kiɗa ko ina zan samu", e za ka samu, akwai situdiyo a Sabon Gari akwai a PZ akwai a Kaduna da Kano, ka biya a buga maka, har a intanet ma ana sayar da kiɗa shiryayye. Abin da ba a sayarwa shi ne mutumin da ya san muryarka. Ni na san irin ɗakunan nan na Samaru, an jingina katifa a bango don ta shanye amo, an kashe fanka ana gumi, mai waƙa ya lulluɓa da bargo da makirfo a ciki, ana jira mai mashin ya wuce kafin a danna, an ɗauke wuta a tsakiyar baiti an koma lissafin cajin da ya rage. Wanda ke zaune gaban laftof a wannan ɗakin shi ne ya san a wane mataki muryarka ke zama daram a wane mataki take karyewa, shi ke saukar da kiɗan ƙasa kaɗan ba tare da ya faɗa maka ba, shi ke bin layi layi yana yanke numfashi yana gyara inda ka kauce, shi ke ce maka sake, sake, sake har sai ta fita. Situdiyon haya awa kake biya, in lokacinka ya cika wani ke jira a benci, ba wanda zai ce maka amshin nan bai yi ba koma gida ka sake tunani.

To ka ci amana in ka ware? A ganina warewa kanta ba cin amana ba ce. Mutum yana girma, buri yana bambanta, kuma tun a gargajiya haka ake yi, ɗan amshi ya daɗe a bayan ubangidansa in ya ga ya kawo ƙarfi ya nemi sallama a sa masa albarka ya kafa tasa ƙungiyar. Shi kansa Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya fara, a bayan mahaifinsa da yayansa Kurna, kafin ya zama Ɗanƙwairon da duniya ta sani. Inda cin amana yake shi ne ka sulale ba sallama, ka kwashe sunan da kuka gina tare, ya wayi gari ya ga fosta da sunanku da hotonka kai kaɗai da kiɗan wani. Wannan kam ko ba a kai ku kotu ba Zariya za ta yi maka shari'a, kuma masu zuga ka yau su ne za su fara ba da labarinka gobe.

Ni abin da na hango a saƙonka ba warewa kake so ba, rabon kuɗin ne ke ci maka rai, kuma kana da hujja. Kai ke shiga mota zuwa Kaduna, kai ke ɗinka kaya, kai ke tsayuwa har sha biyun dare muryarka na ƙonewa, to ba dole ba ne kuɗin biki da liƙi su zama rabi da rabi. Ku zauna ku raba abin gida biyu, kuɗin da waƙa ta kawo daga Audiomack da Boomplay da YouTube da wanda ya ba da aikin waƙar biki wannan ku ci gaba da rabawa daidai tunda tare kuka ƙirƙira, kuɗin hawa dandali kuma kai ka ɗauki kaso mafi tsoka shi a yanka masa wani abu sananne tunda kiɗansa dije ke sakawa. Ka faɗa masa baki da baki, kada ya ji a bakin wani, in kana jin nauyi ka nemi wani babba da ku duka kuke jin kunyarsa ya zauna a tsakani.

In kuma duk da haka zuciyarka ta tsaya a kan sai ka gwada kai kaɗai, to ka bar sunan a inda yake. Akwai wata 'yar Ingilan ma, Alison Goldfrapp, ita da Will Gregory suka kafa ƙungiya a 1999 kuma sunan mahaifinta suka sa wa ƙungiyar, Goldfrapp, sun yi albam 7 tare, amma da ta tashi fitar da nata ita kaɗai a 2023 da cikakken sunanta ta fitar, ta bar sunan ƙungiyar ga aikin da suka yi su biyu. Wannan hanyar ta fi kwanta min. Ka fito da sunanka na kanka, naku na tare ya zauna, duk ranar da kuka ga dama ku dawo ƙarƙashinsa ba wanda ya zagi wani.

TAMBAYA, daga Sabon Gari

Malam barka da aiki. Ni nawa ya riga ya faru. Ni ke buga kiɗa, wanda muke tare da shi ya samu wani mai kuɗi ya ɗauke shi, waƙoƙi shida da muka yi a situdiyona ya kwashe ya ɗora a intanet da sunanshi shi kaɗai, ko "kiɗa daga wane" bai rubuta ba, ya canza fasuwod ɗin shafinmu, na kira baya ɗauka. Bamu taɓa rubuta komai a takarda ba saboda yarda. Ina da wani haƙƙi ko in bar ma Allah?

AMSA

Allah ya huci zuciyarka ɗan'uwa, abin da ciwo. Barin wa Allah ba ya hana ka bin haƙƙinka, kuma kana da shi.

A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022 tsohon Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Maris 2023, haƙƙinka yana tabbata ne tun daga lokacin da ka ƙirƙiri abu ka adana shi, ba sai ka yi rajista ba, duk da cewa hukumar NCC mai kula da haƙƙin mallaka tana karɓar rajista kuma takardarta tana taimakawa wajen hujja. Waƙa ɗaya haƙƙi biyu ne a cikinta, kuma nan ne yawancin yaranmu ke ruɗewa. Akwai haƙƙin ita waƙar kanta, baitoci da kari da kiɗan da aka tsara, wannan na waɗanda suka ƙirƙira ne kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Akwai kuma haƙƙin naɗin, wato wannan sautin da aka ɗauka aka haɗa ya zama fayil, shi kuma na wanda ya ɗauki nauyin shirya naɗin ne, shekara 50. Kai da ka tsara kiɗan kuma a situdiyonka da na'urarka aka ɗauka, ka ga ta ko'ina kana da ƙafa a ciki. Sannan doka ta ce sallama haƙƙi ga wani sai a rubuce, to rashin takardar nan da kake ganin ta cuce ka, ta wani gefen ita ce ke nuna ba ka taɓa sayar masa da kasonka ba. Sai dai in ya biya ka kuɗin aiki a kan kowace waƙa kamar yadda kowane kwastoma ke biya, to nan maganar za ta ɗan canza, ka faɗa wa lauya gaskiyar yadda kuka yi.

Abu na farko yau ɗin nan, kada ka goge komai. Fayil ɗin aikin na FL Studio da ranar da aka buɗe shi, sautukan a rarrabe ganga daban bes daban murya daban, hirarku ta WhatsApp, saƙon murya da yake ce maka ƙara min gudu ko rage min fiyano, alat ɗin banki in akwai, duk ka kwafe su a filashi ka ajiye a wani gida daban. Shi waƙar da aka gama kawai ke hannunsa, kai ke da kayan cikinta, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi.

Na biyu, kafin lauya a fara da manya. Ka samu wanda yake jin maganarsa, yayansa ko kawunsa ko wani dattijo a harkar, a kira shi a zauna, buƙatarka a fili take, a sa sunanka, a yanka maka kaso, a rubuta a sa hannu da shaidu biyu. In ya ƙi, dandalin da ya ɗora waƙoƙin duk suna da hanyar kai ƙorafin haƙƙin mallaka kuma sabuwar dokar ma ta tanadi a rubuta musu su sauke abin da aka ɗora ba izini, kuma mai kuɗin da ya ɗauke shi ba zai so a sauke waƙoƙin da ya zuba wa kuɗi ba, sau da yawa daga nan ake neman sulhu. Abin da nake roƙonka kada ka hau Facebook ko TikTok ka yi ta zagi, yau kai ne mai gaskiya, in ka zage shi ka ba shi abin riƙewa.

Ga sauran masu buga kiɗa da ke karanta wannan, takarda ɗaya ce fa, sunan waƙa, wa ya rubuta, wa ya buga, kaso nawa nawa, kwanan wata, sa hannu, a ɗauke ta a waya kowa ya riƙe. A yi ta ranar da aka gama waƙar ana raha, kafin kuɗi ya shigo. Imel da lambar wayar da aka buɗe shafi da su ma a san na wa ne tun farko.

TAMBAYA, daga Kongo

Yaya ni tambayata ƙarama ce, wai menene kiɗan lantarki ɗin nan da kuke ta faɗa? Ba shi ne kiɗan fiyano na waƙoƙin finafinanmu ba? Kuma mai amfani da Auto-Tune mawaƙi ne na gaske?

AMSA

Ƙanwata kin kusa. Kiɗan lantarki shi ne wanda na'ura ke haifar da sautinsa, ba fata ko tsirkiya ko busa ba, na'urar da ake kira sintesaiza da injin ganga, yanzu kuma duk sun koma cikin kwamfuta. Jamusawan nan Kraftwerk na birnin Dusseldorf suna cikin waɗanda suka share hanya tun shekarun 1970, Ingila ta ɗauka ta mai da shi waƙar rawa a farkon shekarun 1980, kuma tun lokacin tsarin mutum biyu ya zama ruwan dare, tunda na'ura ta ɗauke aikin makaɗa biyar, abin da ya rage mai murya da mai na'ura. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, marigayi William Onyeabor a Inugu ya yi ta wannan kiɗan tun ƙarshen shekarun 1970, a Yamai kuma Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa da ogan na lantarki a 1978, har gidan rediyo da talabijin na Nijar suka riƙa sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye. Fiyanon Yamaha da situdiyoyin Kano suka runguma a shekarun 1990 ɗan gidan ne shi ma, to in kin ce waƙoƙin nanaye kiɗan lantarki ne ba ki yi kuskure ba, salon ne kawai namu.

Auto-Tune kuwa a 1997 ya fito, wani injiniya Andy Hildebrand ya ƙirƙira shi, wanda a da aikinsa nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa ne don neman man fetur. Yana jawo muryar da ta kauce ya mai da ita kan layi, in aka matsa shi sosai ya ba da wannan sautin kamar na'ura ke waƙa. Ba ya rubuta baiti, ba ya ba mutum kari, ba ya sa waƙa ta taɓa zuciya. In kina so ki gane mawaƙi ki saurare shi ranar da wuta ta ɗauke a wurin biki.

TAMBAYA, daga Tudun Jukun

Salam. Wai in irin waɗannan suka rabu suna dawowa kuwa? Ni har yau rabuwar P-Square na damuna.

AMSA

Wasu na dawowa. Su P-Square ɗin, Peter da Paul Okoye, tagwaye ne da suka tashi a Jos, sun rabu a 2017 kowa ya kama sunansa, Mr P da Rudeboy, suka shirya a ƙarshen 2021, a 2024 kuma aka sake ɓatawa. Ciki ɗaya fa, rana ɗaya aka haife su, zo mu zauna zo mu saɓa ke nan, Allah ya daidaita su. A Ingila akwai Yazoo, Alison Moyet mai murya da Vince Clarke mai na'ura, albam biyu kawai suka yi a 1982 da 1983 suka watse, kuma su da kansu sun ce rashin magana da juna ne ya kashe tafiyar, ba su san juna sosai ba nasara ta zo musu da gudu. Ita ta fitar da nata a 1984 ya kai na 1, shi ya kafa Erasure da wani mawaƙin a 1985, kowa ya samu rabonsa, sai bayan shekara 25 a 2008 suka sake hawa dandali tare. Annie Lennox da Dave Stewart na Eurythmics su ma sun ajiye tafiyar a 1990, ta yi nata albam a 1992 ya karɓu sosai, suka dawo suka yi wani tare a 1999. In kin lura waɗanda ba su yi wa juna tonon silili a bainar jama'a ba su ne dawowar ta fi yi wa sauƙi.

TAMBAYA, daga Tudun Wada

Assalamu alaikum Yaya. Mu biyu ne muke waƙan biki ni da ƙawata, wurin kamu da sa lalle da wunin mata, ita ke min amshi muna karɓa ma juna. To ta yi aure mijinta bai yarda ta ci gaba ba, lafiya muka rabu har ta ce in riƙe waƙoƙin. Matsalan shine tunda na koma ni kaɗai, da na riƙe makirfo sai gabana ya faɗi, maƙogwarona ya shaƙe, inda nake kaiwa da sauƙi yanzu baya fita, bayan biki kuma sai in kwana uku murya a dishe. A gida in ina wanke wanke lafiya lau nake rerawa. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce in sha maganin tari kafin in hau. Ya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ƙawarki zaman lafiya a ɗakinta, kuma ta kyauta da ta bar miki waƙoƙin, ki sa ta faɗa miki hakan a rubuce ko a saƙon murya ki adana, ba don kina zarginta ba.

Ki yi addu'a ki yi azkar ɗinki, wannan kullum ne, amma abin da kika kwatanta sananne ne a wurin mawaƙa, kuma kin ga a amsar farko na ce irinsa ya samu Elly Jackson a lokacin da duniya ke ganin ta gama samun komai. Tunda a gida muryar na fita, to muryar na nan. Tsoro ne ke ɗaure naman wuya da na maƙogwaro, numfashi ya koma sama sama a ƙirji, ke kuma ki ƙara matsawa don ta fita, matsawar ce ke kawo dishewar kwana uku. Ga kuma wani abu da ba ki lissafa ba, da kuna biyu duk lokacin da take amshi ke hutawa kike kina jan numfashi kina haɗiye yawu, yanzu baiti da amshi duk a wuyanki suke, aikin mutum biyu kike yi da maƙogwaro ɗaya.

Ki koma wurin mai buga miki kiɗa ki ce ya yi miki abu biyu. Ya saukar da waƙoƙin ƙasa kaɗan daidai inda muryarki ke zama ba tare da kin yi ƙoƙari ba, a kwamfuta wannan aikin minti kaɗan ne. Sannan ya naɗi amshin ya saka a cikin kiɗan, ko da muryarki ko da ta ƙawar taki in ita da mijinta sun amince, yadda in an zo wurin amshi kiɗan zai ɗauka ke ki huta. In da hali ma ki samu yarinya ɗaya ko biyu masu murya ki koya musu amshi ki riƙa yanka musu wani abu, ko marigayiya Barmani Choge da 'yan amshinta ta riƙa yawo, kuma tsayuwar mutum a gefenki kaɗai tana rage faɗuwar gaba. A wurin biki ki ce wa dije ya juyo da sifika ɗaya ta fuskance ki, yawancin ihun da mawaƙanmu ke yi don ba sa jin kansu ne. Ki fara da waƙar da ta fi miki sauƙi, mai wuyar ki bar ta sai jiki ya saki. Kafin ki fita daga gida ki yi minti goma kina gunji a hankali baki a rufe daga ƙasa zuwa sama, ki sha ruwa sosai tun safe ba sai kin hau ba, lokacin hunturu ki rufe hanci da baki a kan mashin saboda ƙura, kuma in murya ta dishe ki yi shiru, raɗa ma wahalar da ita take yi.

Maganin tarin nan kuwa ina roƙonki da girman Allah kada ki fara. Irin wanda ake nufi mai kodin ne, gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun 2018 saboda yadda ya lalata matasa, mata da yawa a cikinsu, kuma da "in sha kaɗan don in samu ƙarfin hali" ake farawa. Haka ƙwayoyin da wasu ke karɓa a kemis wai suna buɗe murya, suna rufe ciwon ne ki ci gaba da yi wa kanki rauni ba ki sani ba. In dishewar ta wuce sati biyu zuwa uku ba ta saki ba, ko kina jin zafi in kina haɗiya, ki je asibitin koyarwa na Shika ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, suna da abin da suke leƙa maƙogwaro da shi su ga ko wani abu ya fito a kan igiyoyin muryar. Ki tafi da wata babba a gidanku, kuma ki faɗa wa likitan cewa waƙa ce sana'arki don ya san irin shawarar da zai ba ki.